Koren Haske da Gwiwoyin Inna

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga ƙaninki da ke nesa. Ya jikin Inna, ya gwiwoyin, ya yatsun? Ya maigidanki da yara, ya shagon ɗinki? Ni lafiyata ƙalau, in an cire tarin nan da ke ziyartata duk lokacin sanyi kamar yana da ɗaki a ƙirjina.

Na koma ga takarda kamar yadda kika nema. Kin ce waya ba ta da amfani, Inna ba ta jin abin da nake faɗa, ni kuma ba na faɗin komai sai lafiya lau. Ban musa ba. Takarda aƙalla za ki iya karanta mata sau uku.

Kin sake tambayata abin da nake yi shekara shida a garin mutane. To, ga shi a hankali. Idan wuri ya kumbura a jiki, kamar gaɓoɓin Inna, fararen ƙwayoyin jini ne ke taruwa a wurin don yin faɗa. Makaminsu wasu sinadarai ne masu ƙuna, ɗaya daga ciki ɗan'uwan ruwan nan ne da kike cire tabo da shi a farin yadi. Da shi suke kashe ƙwayar cuta. Amma wani lokaci babu wata cuta, ko ta mutu tuni, su kuwa ba su daina fesawa ba, sai su ƙone gidan da aka ba su gadi. Wahalar ita ce sinadarin ba ya tsayawa a gan shi, kafin ki ƙifta ido ya yi ɓarnarsa ya ɓace. Aikina shi ne haɗa wani rini marar launi, wanda zai shiga cikin ƙwayar halitta mai rai ya zauna shiru, sai ya haɗu da sinadarin nan, sannan ya kama da kore idan an haska shi. Inda kika ga kore, nan wutar take ci. Hoton da na sa miki a ambulan shi ne.

Ɗakin da nake aikin ba shi da taga. Baƙin labule ne a ƙofa, da na'urar duba ƙananan abubuwa wadda ta yi keken ɗinkinki biyar, da wata kujera da ta lalata mini baya. Ina shiga da ƙarfe takwas na safe da faranti mai ƙananan ramuka, kowane rami da ƙwayoyinsa, in fito da la'asar idanuna na zubar da ruwa. Farfesan da nake ƙarƙashinsa kuwa yana yawon taro da hotunana yana cewa mun gano. Ba zan zalunce shi ba, shi ya samo na'urar, kuma bai taɓa goge sunana a kan komai ba. Sai dai wuyansa ba ya ciwo irin nawa.

Abin da za ki faɗa wa Inna shi ne rinin ya yi aiki. Saura rubutu da tsayawa gaban malamai. Nan da wata huɗu, in da rai da lafiya, ina gida. Akwai ranakun da nake tsayawa a tashar mota ina sauraron mutane, ko zan tsinci kalma ɗaya tamu a bakin wani. Har yau ban tsinta ba.

Naki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Na amsa sallamarka, kuma kowa yana gaishe ka. Yara lafiya, maigida lafiya, shago da godiya. Inna da sauƙi, jiya ma ta ci abinci sosai har ta nemi ƙari. Tarin nan naka ka daina raina shi, ka je a duba ka, tunda kai likitan da ba ya duba kowa ne.

Na karanta mata takardarka sau huɗu, ba sau uku ba. Da na kai wurin rini sai na yi ta dariya har ta ce me ya same ni. Na ce Inna, mun tura yaro ya zama dakta, ashe marini ya zama. Da ka faɗa tun farko ai da na ba ka gefen shago, ga yadi nan jibge. Ta ce in bar mata ɗa, ko rinin ne ma na masu ilimi ne.

Hoton kuwa ya zama abin kallo. Na sa an yi masa gilashi, yana rataye inda take gani daga gado. Maƙwabciyarmu mai kitso ta ce taurari ne. Inna ta ce a'a, maganin gwiwa ne da ɗanta ya haɗa, kuma duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta nuna masa.

Wannan ya kawo ni kan maganar da nake so mu yi. Tunda ka ce ya yi aiki, me zai hana ka aiko da ko ɗan kwalba ɗaya ne kafin ka zo? Ba sai an jira wata huɗu ba. Ka rubuto yadda ake amfani da shi, sha ne ko shafawa. Inna ta ce ko da zai mayar mata da gwiwa koriya ba ta damu ba, ba wanda zai gani sai ni.

Na fara gyara ɗakinka. Na kwashe yadikan da na tara a ciki, na sa an ɗinke katifa. Kada ka zo mana a rame, mutane su ce yunwa ka je karanta.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da kowa. Tarin ya lafa.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na hau bene da ita, na sake karantawa a zaune. Ban san inda na rubuta cewa magani ne ba. Na duba kwafin da na ajiye, babu. Rinin nan ba ya warkar da kowa, Yaya. Nunawa kawai yake yi. Kamar fitilar da kike kunnawa in allura ta faɗi ƙasa, fitilar ba ita ke ɗinki ba. Amfaninsa shi ne masu haɗa magani su zuba nasu a kan ƙwayoyin, su ga ko koren ya ragu. In ya ragu, maganinsu yana kashe wutar. Daga nan zuwa kwalbar da za a miƙa wa mai ciwo, shekara goma ce ko fiye, kuma ba hannuna ne zai miƙa ba. Ko digo kada wani ya yi tunanin sha. A faranti aka yi shi ya zauna.

Na san da zafi na rubuta wannan. Shekara shida ina cikin duhu, abu ɗaya da aka taɓa nema a wurina daga gida kuma ba ni da shi. Ba ke nake jin haushi ba. Ke ce kike ɗaga ta, kike wanke ta, kike jin kukanta in gaɓoɓin sun tashi, ni hoto na aiko. Kina da gaskiyar tambaya.

Ki nemi hanyar da za ki faɗa mata ba tare da ta ji kunyar mutanen da ta nuna wa ba. Ke kin fi ni iya magana da ita.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Muna nan yadda ka san mu.

Yau sati tara rabon da in ga rubutunka. Na amsa waccan takardar taka a satin da ta zo, na ce na fahimta, na ba ka haƙuri. Shiru. Na kira waya sau biyu, ka ce kana cikin aiki za ka rubuto. Shiru.

In maganar marini ce ta ɓata maka rai, na janye, kai ne babban dakta na duniya. In kuma kwalbar da na roƙa ce, jahilci ne, ban yi makaranta irin taka ba, ka yafe. Amma ba ni kake horarwa da shirun nan ba. Duk sanda mai kawo wasiƙu ya tsaya a layinmu sai ta ce in leƙa. Na fara karanta mata tsofaffin takardunka ina canja wasu kalmomi don ta zaci sababbi ne, kuma ina jin ta gane, tana dai rufa mini asiri.

Maigida ya ce ƙila ka samu wata a can, kana jin nauyin faɗa. In haka ne ka faɗa, ba wanda zai cinye ka. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki a cikin huɗun da ka ɗauka da bakinka. Kana zuwa ko ba ka zuwa?

Yayarka

*

Yayata,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina neman afuwa. Ki gaida Inna. Ba fushi na yi ba, kuma ki ce wa maigidanki babu wata mace, sai wata tsohuwa mai furfura da ta rusa mini aikin shekara uku a yini ɗaya. Na zauna rubuto miki ya fi sau goma, ina yagewa.

Tsohuwar ita ce mai kula da na'urar. Ita ke riƙe da makullin ɗakin duhu, shi ya sa a raina nake kiranta Mai Makulli. Shekara talatin tana wurin, ba ta dariya, ba ta yabon kowa. Na'urar tana rubuta tsawon lokacin da fitilarta ta yi a buɗe a kan kowane rami, abin da ban taɓa damuwa in duba ba. Ita ta duba, don tana son sanin ko fitilar ta kusa mutuwa. Wata safiya ta tare ni a bakin labule da takarda a hannu, ta tambaye ni me ya sa nake daɗewa a wasu ramuka fiye da wasu.

Ga yadda nake aiki. A faranti akwai ramukan da na tsokano wa kumburi, akwai waɗanda na bari lafiya don kwatantawa. Kafin in ɗauki hoto sai na buɗe fitila na duba da ido na zaɓi wuri. A ramin masu lafiya babu abin kallo, in leƙa in ɗauka in wuce. A ramin masu kumburi kuwa nakan tsaya. In zagaya nan, in zagaya can, in ga yadda suke kamawa ɗaya bayan ɗaya, minti biyu, wani lokaci uku. Abin da ban lura ba shi ne hasken fitilar da kansa yana kunna rinin in ya daɗe a kansa, ko da babu wani sinadari. Wato wani ɓangare na koren da ke rataye a bangon Inna ba ciwo ne ya kawo shi ba, tsayuwata ce.

Na yi mata gardama, na ɗaga murya, abin da nake jin kunyarsa yanzu. Ita kuwa sai ta ɗauki sabon faranti ta rufe alamomin da baƙin tef don kada in san wane rami ne wane, ta tsaya a bayana da agogo, kowane rami daƙiƙa goma. Da muka ɓare tef ɗin, bambancin da na rubuta ninki goma ne ya dawo ninki uku. Mun maimaita sau biyar. Uku. Rinin yana aiki, amma ba kamar yadda na faɗa wa duniya ba. Na so in tsane ta, na kasa. Ta yi gaskiya, kuma ni ta fara faɗa wa, ba Farfesa ba.

Ni na kai kaina wurinsa. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce uku ma lamba ce mai kyau. Ya ce zan iya barin komai yadda yake, in ƙara layi biyu a ƙarshen littafin bincikena cewa haske na iya yin tasiri, in tsaya gaban malamai a kan lokaci, in tafi gida da takardar shaidata. Ko kuma in sake duka daga farko, wata tara. Bai matsa mini ba, amma na ga wanda yake so. Mai Makulli ta ce ita ba za ta kai ƙarar kowa ba. Ta ce, "Sunanka ne a kai, ba nawa ba."

Abin da ya hana ni sakat shi ne, wurare uku sun riga sun nemi rinin don gwada magungunan gaɓoɓi, da lambobina za su auna. Wani zai iya daɗewa a wannan rami ya gaggauta a wancan, ya ce maganinsa yana aiki, alhali babu. Wata tsohuwa a wani gari ce za ta sha.

Na gaji, Yaya. Ina son in zauna a bakin gadonta in ji tana yi mini faɗan ban ci abinci ba. Layi biyu ne kawai tsakanina da hakan. Shi ya sa nake tambayarki, kuma kada ki ba ni amsar waya: Inna tana da wata tara?

Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwarka. Yau ba zan tsaya jero lafiyar kowa ba.

Ka tambaye ni kai tsaye, zan amsa kai tsaye. Ban sani ba, likitanta ma bai sani ba. Amma ga abin da ban rubuto maka ba. Inna ba ta taka ƙasa ba tun kafin takardarka ta farko ta iso. Ba ta iya riƙe kofi, ni nake ba ta ruwa da cokali. Ciwon ya wuce gaɓoɓi ya taɓa huhu, in ta yi magana mai tsawo sai ta tsaya ta nemo numfashi. Wata biyar ke nan ba ta ga tsakar gida ba, sai dai ta ce in buɗe ƙofa ta ji hayaniyar yara. Da na matsa wa likitan, ya ce in akwai wanda ke nesa, ya fi kyau a sanar da shi. Wannan maganar ta kai wata biyu.

Ranar da na ce maka ta ci abinci har ta nemi ƙari, gaskiya ce. Sai dai kwana goma na yi ina jiran irin ranar kafin in ɗauki biro. Haka nake yi tun bara. In ta kwana da daɗi in rubuto, in ba ta kwana ba in ajiye takarda. Na ce kada in ɗaga maka hankali ka bar karatu saura kaɗan. Ka yi mini duk faɗan da za ka yi, na cancanta.

Na karanta mata takardarka, wannan karon ban canja ko kalma ɗaya ba. Maganar fitila da ramuka sai da na maimaita. Da ta gane sai ta ce tun kana ƙarami haka kake, in an aike ka ka ga abu a hanya sai ka tsaya kallo har a manta an aike ka. Na tambaye ta me zan ce maka, ka zo ko ka tsaya. Ta ce ba za ta faɗa ba, kada gobe ka ce ita ta sa ka. Amma ta ce in gaishe mata da tsohuwar nan mai makulli.

Ni ma ba zan zaɓa maka ba. Layi biyun nan, kai ka san nauyinsu, ni ɗinki na sani. Abin da zan ce kawai, na gaji ni ma, Auta. Akwai safiyar da nake ɗaga ta in ji bayana zai karye, in ce da ƙanina yana nan da ya kama mini ɗaya gefen.

Yayarka

*

Yayata,

Gaisuwa gare ki da Inna. Babu faɗan da zan yi miki. Da ni ne a wurinki, ƙila da ban rubuto komai ba ma.

Ba zan sa layi biyun ba, kuma ba zan tsaya wata tara ba. Na je wurin Farfesa na ce a rubuta wa wuraren nan uku a faɗa musu lambobin gaskiya da yadda za su kiyaye fitila. An aika jiya, da sa hannuna. Sake aikin kuma za a ba wani abokin karatuna, Mai Makulli za ta rufe masa alamomi ta tsaya masa da agogo. In an buga sakamakon, sunansa ne zai zo farko, nawa a baya. Rinin da na yi shekara uku ina haɗawa. Na kwana biyu abin yana cina, ba zan ɓoye miki ba, kuma har yanzu bai gama ba. Amma yaron kirki ne, hannunsa ya fi nawa sauri.

Makaranta ta yarda in ajiye karatun na shekara guda. Farfesa ya ce a cikin waɗanda ya ga sun tafi haka, kaɗan ne suka dawo. Bai faɗa don ya tsorata ni ba, abin da ya gani ya faɗa. Da na isar wa Mai Makulli da gaisuwar Inna, sai ta kalle ni ta ce in tafi kawai, na'ura ba ta mutuwa don mutum ɗaya ya bar ta.

Saboda haka ina zuwa ranar Larabar farko bayan kin samu wannan takarda, kuma ba dakta ne zai zo ba. Ki faɗa wa maigidanki da maƙwabta tun yanzu, don kada a tare ni da sunan da ba nawa ba in rasa inda zan sa fuskata. Kada a tara mutane. Ke kaɗai ki zo filin jirgi in kin samu mai zama da ita.

Na sayi keken marasa lafiya, irin mai naɗewa, da matashi mai laushi. Faɗinsa in an buɗe inci ashirin da shida ne. Ki ɗauki tef ɗinki na awo ki auna mini ƙofar ɗakinta, ki kira ni, wannan karon ba zan ce ina cikin aiki ba. Ina so in fito da ita tsakar gida a ranar da na iso.

Naki,
Auta

*

Auta,

Na kira, ka ɗauka, amma kuka ya hana ni magana, shi ya sa na ba direban da zai ɗauko ka daga filin jirgi wannan 'yar takarda. Ba zan samu zuwa tarbarka ba, ba na son barin Inna yau.

Na auna ƙofar sau biyu. Inci ashirin da uku ce. Keken ba zai shiga ba.

Maigida ya kira magini tun shekaranjiya, ya zo da guduma zai fasa gefe ɗaya. Inna ta ji motsi ta tambaya, na faɗa mata. Ta ce a sallami mutumin. Ta ce ba wanda zai taɓa mata bango sai wanda ya sayi keke bai tambayi faɗin ƙofa ba, shi zai fasa da hannunsa, tana kwance tana kallo, ta ga ko karatun ya bar masa ƙarfi.

Mun karɓi aron gudumar. Tana jingine a bakin ƙofa. Ka ce wa direban ya yi sauri, tun asuba Inna ta sa na ɗaura mata sabon ɗankwali.

Yayarka